Kayan Ɗaki Babu Ango

Gaya, watan Oktoba

Yaya Latifa,

Akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma da kina gabana yau ma ba zan iya faɗa ba. Na san inda Inna take ɓoye makullin adakar kayan ɗakinki. Yana cikin wani tsohon gwangwanin tumatir a bayan randa. Tun shekarar da na shiga kwalej nake buɗe adakar duk ranar kasuwa in Inna ta fita. Sai in shimfiɗa tabarma, in fito da samirun nan masu jan fure, in jera su manya a ƙasa ƙanana a sama, in rataya koren rido a ƙusar taga, in zauna a tsakiya in lulluɓe kaina. Wani lokaci ke ce amaryar, ni ce ƙawar da ke riƙe miki mayafi. Wani lokaci kuma, Allah ya yafe mini, ni ce. Ban taɓa fasa ko murfi ba.

To, na faɗa. Ga shi ko gaishe ki ban yi ba. Ina gajiyar hanya, ina baƙunta? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zuwa bakin ruwa sayen kifi da kanta. Kin san ta, ke ɗiyar fari ce, ba za ta kama sunanki ba, sai dai «waccan ta Kumasi». Amma duk abin da ta dafa sai ta ce ya yi yawa. Baffa Hamani yana gaishe ki. Har yanzu yana cewa da Baba yana da rai bai san ko zai yarda mace ta tafi wata ƙasa koyarwa ita kaɗai ba, shi dai ya yarda ne a kan sharaɗin kada ya ji wata magana.

Kada ki tambaye ni don mi na rubuto takarda alhali akwai waya. Duk bokal ɗin da kika aiko a wayar Inna, a tsakar gida ake saurarensa. Baraka maƙwabciyarmu ta ajiye tsintsiya ta leƙo ta katanga, in ba ta ji da kyau ba har cewa take a maimaita. Shi ya sa na roƙi Rabo direba, tunda kamiyonsa na kai albasa Kumasi. Ki yi haƙuri da warin. A littattafan da nake sayowa daga Kamba wasiƙa ƙamshin turare take yi, tawa kuwa sai ta sa ki hawaye tun ba ki buɗe ba.

Kuma ina fushi da ke. Ranar da muka raka ki bakin gada ba ki waiwayo ba ko sau ɗaya. Na tsaya ina ɗaga hannu kamar mai tsaida kabu-kabu. Sannan duk saƙonki ɗaya ne: lafiya lau, makaranta lafiya, yara suna koyon faransanci. Shi kenan? Mutum ya bar lakwal ɗin Tanda da ya yi shekaru yana koyarwa, ya ƙetare ƙasa biyu, abin da zai ba da labari shi ne lafiya lau? Ina ne kike kwana? Tagarki mi take kallo? Wa yake miki magana in kin taso? A littafi, duk yarinyar da ta je baƙon gari, ruwa na kama ta a hanya, wani ya tsaya da lema. Na ji an ce Kumasi ruwa ba ya ɗaukewa.

Jiya Baraka ta ce wa Inna, a gabana, wai kayan da ke cikin adaka tsatsa za su yi suna jira, tunda mai su ta zaɓi alli da allo. Ni kuwa na shiga ɗaki na tsara amsoshi masu zafi har guda nawa, ba wadda ta fito.

Ki rubuto da tsawo.

Ƙanwarki,
Nuriya

Kumasi, watan Nuwamba

Nuriya ƴar gidana,

Takardarki ta iso da warinta. Ina lafiya, sai mura da ta kama ni makon farko, ta tafi. Ki ce wa Inna ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi. Ki gaida Baffa.

Ashe ke ce mai mayar da samirun ba daidai ba. Na daɗe ina zargin ɓeraye masu hankali. Ban yi fushi ba, dariya na yi har ta ishe ni. Ban waiwayo a gada ba don na san in na waiwayo ba zan ƙetare ba.

Kin ce in ba ki labari. Makarantar ta kuɗi ce, direktiris ɗinmu, wato shugabar makarantar, mace ce mai tsanani, ta ɗauke ni kwantiragin shekara guda, in ta ga aikina ta sabunta. Yaran suna kirana Madam Faransi. Suna da baki, amma in na ce su rera waƙa da faransanci har na aji na kusa suna leƙowa. Makon jiya wata ƙaramar yarinya ta tare ni a bakin ƙofa ta gaishe ni da jimla cikakkiya babu kuskure, na rasa inda zan sa kaina don daɗi.

Na bar ɗakin da makaranta ta ba mu, mu huɗu ne a ciki, ba a barci. Na samu ɗaki a zango, cikin Hausawa da Zabarmawa, in na fita da safe har gaisuwar fofo irin ta gida nake ji. Tagata bishiyar ayaba take kallo da bayan wani masallaci. Ruwa ya kama ni ba sau ɗaya ba, ba wanda ya tsaya da lema, na sayi tawa.

Ɗakin dai fanko ne. Katifa, akwati, sai littattafai a ƙasa. Ina cin abinci a robar da na aro, ina dafa shayi a tukunyar mutane. Malam Isma'il ne ya ji tausayina. Kafinta ne, a gidan yake. Ya kafa mini kanta a bango, katako mai kyau, ya ƙi karɓar ko sisi, ya ce ɗakin mace ba ya kyau babu jere. Kullum sai ya leƙo ya tambaya ko na ci abinci. Shekaranjiya ya kawo mini ƴar kujera da ya yi da hannunsa. Tun da na zo garin nan ba wanda ya kula da ni kamarsa.

Yanzu kullum in na dawo sai kantar nan ta zuba mini ido babu komai a kanta. Tunda kin san inda makulli yake, ga aiki. Ki ciro mini tukunyar nan mai hannu biyu, da samiru saiti ɗaya, da koren rido, da faifan da Kaka ta saƙa. Ki zuba a buhu ki ba Rabo. Kada ki gaya wa Inna tukuna. Maganar tana da nauyi a wurinta, ni zan gaya mata da kaina in lokaci ya yi.

Ki dage da karatu, bana ce shekarar jarrabawarki. Littattafan Kamba ba za su fito a takarda ba.

Yayarki,
Latifa

Gaya, ƙarshen Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Muna lafiya, Inna lafiya, Baffa ya yi ɗan zazzaɓi ya warke. Na gama gaisuwa.

Na karanta takardarki a tsaye, na karanta a zaune, na kai ta kwalej na sake karantawa a ɓoye cikin kayen da nake rubuta lissafi har mushe, malaminmu, ya kira sunana ban ji ba. Kina tsammani ni yarinya ce? Namiji ya kafa miki kanta, ya ƙi karɓar kuɗi, ya ce ɗakinki na son jere, yana tambaya ko kin ci, ya sassaƙa miki kujera da hannunsa. Sannan ki ce a fito da kayan cikin adaka, kada Inna ta sani. Yaya, a garin nan wa ya taɓa ganin kayan ɗaki sun fita daga gida in ba aure ba? Ko na Zeinabu ɗiyar Baraka, da ambaliya ta shiga gidansu, a kan rufin ɗaki aka ɗora su, ba a yarda an kai su maƙwabta ba, don kada a ce sun ƙetare ƙofa kafin mai su.

Ba auren ne ya ɓata mini rai ba. Na ma yi murna, na shiga bayan gida na yi tsalle inda ba mai ganina. Abin da ya ƙona ni shi ne yadda kika yi mini. Na buɗe miki cikina, na faɗa miki abin da ko aminiyata ba ta sani ba, ke kuma kika saka mini da «kafinta ne, a gidan yake». Ko kamanninsa ba ki faɗa ba. Dogo ne? Yana da saje? Mi ya fara ce miki? Shekara nawa ina tsara bikin nan. Na san zanen da za mu yi anko da shi, na san wadda za ta yi miki lalle, na san inda zan tsaya in kin fara kuka. Yanzu duk za a yi a wata ƙasa, cikin mutane masu cin tuwon dokunu, ba ni, ba Inna, ba kowa. Wa zai riƙe miki mayafi? Direktiris?

Kuma ki ce in zuba a buhu. Buhu! Inna ta yi shekaru tana tara kayan nan ɗaya bayan ɗaya, wani daga Malanbil, wani daga Kamba, tukunyar ma da kuɗin kopton zogalen da take sayarwa ta saye ta. Ba zan saka kayan aurenki cikin buhun albasa ba ko za ki daina yi mini magana. In ba wanda zai yi musu abin da ya dace, ni zan yi, ko ni kaɗai ce.

Zan aiko. Ba zan gaya wa Inna ba, tunda kin ce. Amma ki sani ba da farin ciki nake aikowa ba. Wato da farin ciki, amma ina fushi. Ki gaishe shi. A'a, kada ki gaishe shi, sai kin gaya mini ko wane ne.

Nuriya

Gaya, watan Janairu

Yaya Latifa,

Ina fata kina lafiya, don ni ban san komai ba. An ce kamiyon Rabo ya lalace a Togo a hanyar dawowa, yana can yana jiran wani ƙarfe daga Lome. Wannan takardar yaron wani direba zan ba, in ta iso ta iso. Inna jikinta lafiya, amma ba ta cin abinci sosai. Ga dalili.

Ranar kasuwa na fito da kayan. Na wanke su da toka da sabulu har suna ɗaukar ido. Na turara ridon da turaren wuta na Inna. Na ɗaure komai a sabon farin zanena na Sallah, na sa ƙullin lalle da goro a cikin tukunya kamar yadda na ga ana yi, na kifa faifan Kaka a sama. Sai na ga ba daidai ba ne in rungumo kayan amarya a hammata kamar wanki. Na yi gammo na ɗora a ka. Na yi niyyar bi ta lungun baya zuwa inda kamiyoyi ke tsayawa kusa da duwan, wurin ƴan kwastan.

Ina fita ƙofa na yi kiciɓis da Baraka. Ta dubi farin zanen, ta dubi faifan, ta shaƙi turaren. Ba ta tambaye ni komai ba. Ta dafa hanci ta rangaɗa guɗa.

Yaya, kin san guɗar Baraka. Kafin in kai bakin titi mata sun firfito, wata da ludayi a hannu. Yara suka biyo ni suna waƙa har wurin Rabo. Ni kuma kunya ta hana ni juyawa, ta hana ni magana, sai tafiya nake kamar an ɗaura mini igiya. Rabo ya karɓa yana zare ido.

Inna ta dawo kasuwa ta tarar da tsakar gida cike da masu yi mata barka, wasu na tambaya don mi aka ɓoye musu. Ta jira har suka watse. Ta duba gwangwani, ta duba adaka, sannan ta kira ni. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. Ta ce, «Waccan ta yi aure ne?»

Na ce ban sani ba ko an ɗaura, amma akwai wani Malam Isma'il, kuma ke kika rubuto mini da hannunki. Mi kike so in ce? Ƙarya zan yi wa Inna? Ta nemi takardar, na ce na ƙona, don a cikinta kin ambaci maganar adaka da nake buɗewa.

Baffa ya zo bayan la'asar. Ya ce wannan ita ce maganar da ya ce kada ya ji. Ya ce ɗiyar ƙanensa ba za ta yi aure a bayan idonsa kamar marar dangi ba, in kuwa ba a ɗaura ba abin ya fi muni. Na san kin kira shi ya ƙi ɗauka. Ya ce ba a tambayar yarinya irin wannan a waya. Bokal ɗinki ma mun ji, inda kike rantsuwa ba wani aure. Baraka ta ce ai dole ki ce haka, ga shaida daga bakin ƙanwarki, wadda ko ƙuda ba ta iya kora balle ta yi ƙarya. Inna ta kasa amsa miki. Kin san ba za ta iya yin wannan maganar da ke ba.

Baffa ya ce da zarar Rabo ya dawo ya sake lodi, zai bi shi ya taho da ke gida, koyarwar ta ƙare.

Duk laifinki ne. Da kin fito fili tun farko, da Malam Isma'il ya aiko manyansa kamar kowa, da yanzu anko muke ɗinkawa. Ki ce masa ya yi sauri ya turo su kafin Baffa ya taso. A littafi haka ake yi, kuma ana dacewa.

Nuriya

Kumasi, watan Fabrairu

Nuriya,

Lafiyata ƙalau, in ban da barci da ba na samu. Ki gaida Inna in tana karɓar gaisuwata.

Takardunki biyu a rana ɗaya na karanta su, don ta farkon tana ƙasan tukunya a ƙarƙashin goro, ban gan ta ba sai da ta biyun ta zo na zazzage komai. Da na kwance farin zanen na ga lalle na ɗauka wasanki ne. Sai ga ƙawayena na Doso suna aiko mini barka.

Malam Isma'il ya girmi Baffa. Haƙoransa na gaba babu. Yana da jikoki a ajin da nake koyarwa, matarsa ce mai ba ni aron tukunya, ita ce ma take tura shi ya tambaya ko na ci. Gidan nasu ne, haya nake. Kakansa daga wajen Karakara ya zo, can yankinmu, shi ya sa suka riƙe ni kamar tasu. Da na gaya musu abin da ake faɗa a Gaya, matar ta yi dariya har ta riƙe ciki, shi kuwa bai yi ba. Ya daina leƙowa. In ya gan ni a tsakar gida sai ya sunkuyar da kai. Wannan ma kin jawo mini.

Kin ce in ba aure ba kayan ɗaki ba su fita. Na sani, a garin na girma. Shi ya sa na ce buhu, shi ya sa na ce ki bari in lallaɓi Inna da kaina. Shekarata ashirin da tara, Nuriya. Ina tsayawa gaban yara daga safe har azahar, ina biyan hayata da guminna, in dawo in ci tuwo a robar aro, alhali uwata ta tara mini kwanoni suna kulle a adaka suna jiran wani namiji da ba wanda ya san ko an haife shi. Sai yaushe zan zama mutum da zai ci a kwanonsa? In ban yi aure ba har abada fa? Ba na ƙin aure. Amma ɗakin nan nawa ne yau, kuma na so in ga hannun Inna a cikinsa. Abin da na nema kenan.

Na jera su a kanta. Sun yi kyau. Ina kallonsu ina jin kamar na sato.

Direktiris ta kira ni makon jiya ta ce tana so in ƙara shekara biyu, har da ajin manya. Ban ba ta amsa ba. In Baffa ya zo da saƙon Inna cewa in dawo, kin san zan dawo, ba zan yi musu da ita ba. In na tafi tsakiyar shekara kuwa, ba makarantar da za ta sake ɗaukata a nan, wurina na Tanda ma an ba wani.

Maganata ba ta da nauyi yanzu, ni ce ake zargi. Ke aka yarda da ke, don ba ki magana. Ke kika ce na rubuto da hannuna. Ba zan roƙe ki ba. Kin san inda takardar take, na san ba ki ƙona ta ba, ba ki taɓa zubar da ko takardar alewa ba.

Latifa

Gaya, ranar Juma'a

Yaya,

Ina gaishe ki, in kina amsawa. Inna lafiya, ta rame kaɗan. Ni ma lafiya, sai dai kunya da ta hana ni bin titin duwan, ta lungu nake zagayawa zuwa kwalej.

Bari in fara da fushina, don har yanzu da saura. Mi ya hana ki rubuta kalma ɗaya, tsoho? Kalma ɗaya, Yaya. Kin iya cika takarda da bishiyar ayaba da lema, amma ba ki iya cewa mutumin ba shi da haƙora ba. Na yi masa saje, na yi masa doguwar riga mai ruwan toka, har murya na yi masa. Kwana biyu ina jin kamar wani nawa ya rasu.

Wannan ya wuce. Ga abin da ya faru bayan Rabo ya jefo mini takardarki ta taga, wadda yaron direban nan ya miƙa masa a Togo, ya ce daga yau ya daina ɗaukar saƙon kowa, Baffa ya wanke shi tas a gaban yaran motarsa.

Na so in gaya wa Inna kai tsaye, bakina ya ƙi. Sai na bi ta gefe. Muna tsince zogale na tambaye ta, in a ce ba ki taɓa yin aure ba, sauran kayan adaka fa? Ba ta ɗago ba. Ta ce, «Sai su zama naki.»

Shekara da shekaru ina zama a tsakiyar kayan nan ina cewa da ma nawa ne. Da ta faɗa sai na ji sanyi ya ratsa ni. Haka ake cewa a kan kayan wanda ya mutu. Kina can da ranki, kina tashi da asuba kina guge rigarki, yara suna rera miki waƙa, a nan kuma ana lissafin wa zai gaje ki don kawai ba wanda ya kawo goro. Kuma ba muguntar Inna ba ce, idonta ya cika da ta faɗa. Haka ta tarar ana yi. Ni ma haka na tarar, har na ɗora a ka na zaga gari da shi.

Tun daga nan fushina ya sauya wuri. Baraka ta zo jiya aron rariya tana cewa Allah ya sa a same ki ba da ciki ba. A gaban Inna. Yaya, na buɗe baki. Ban faɗi ko ɗaya daga cikin amsoshin da nake tsarawa ba, abin da ya fito kawai shi ne rariyarmu ta ɓace. Rariyar tana rataye a bayana, Baraka tana kallonta. Ta fita ba sallama.

Baffa ya fi ƙarfina. Sau biyu ina zuwa rumfarsa. Na farko na gaishe shi na dawo. Na biyu ya tambaye ni mi nake so, na ce Inna ce ta ce in duba jikinsa. Ya sa mini albarka, ya ce da duk ɗiyan gidan kamar ni suke da ya huta. Na fito kamar in nutse a ƙasa.

Rabo ya gama lodi. Bayan an sauko Juma'a za su tashi, jakar Baffa tana zaure tun safe. Na san abin da zai biyo baya in gaskiya ta fito. Za a san na yi wa Inna ƙarya a kan ƙona takarda, za a san na yi shekaru ina wasan amarya da kayanki, Baraka za ta kai labarin har Tanda, kuma littattafaina murhu za su shiga, Baffa ya daɗe yana harararsu. Na fito da su na jera a kan gado ina kallo. Ba wanda a cikinsa aka rubuta yadda yarinya take gaya wa baffanta cewa ita ta ƙirƙiro angon.

Tunda Rabo ya ƙi, mutum ɗaya ne ya rage mai zuwa Kumasi. Kuma Baffa ba ya riƙe takarda bai karanta ba, ko ta kunshin ƙosai ce. Zan haɗa wannan da naki guda biyu, ba zan liƙe ba.

Baffa, na san kai ne kake karantawa. Ban iya faɗa da baki ba. Babu aure, babu saurayi, ni ce na ƙaga, ni na sa lalle da goro, Yaya buhu ta ce. Ka karanta nata kafin ka hau mota. In ka karanta har yanzu kana son zuwa, ka je ka ga ɗakinta, ka gaida tsohon da na ɓata wa suna, ka ci tuwo a kwanonta, ka dawo kai kaɗai. Hukuncin nawa ne, ina gida.

Yaya, na ji liman ya sallame. Zan jira shi a zaure kusa da jakarsa, in miƙa masa da hannu biyu, kuma ba zan gudu ɗaki ba sai ya gama.

Nuriya